Gangar Kawu da Ruwan Juma'a

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a cikin Sakkwato, kuma babin da na fi jin daɗin koyarwa shi ne na ruwan sama. Sai in zana teku a allo, in ja kibiyoyi suna hawa sama, in zana gajimare in yi masa ɗigo-ɗigo, sannan in juyo in kalli ɗalibai kamar da ni aka yi shawarar abin. A bayan gidana a Gawon Nama har wani gwangwanin madara na kafa a kan turke don auna ruwa. Matata ta sha cire shi ta zuba wa kaji dusa, amma wannan rigima ce ta daban. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce rashin karatu ya ja mini abin da zan ba da labari. Da karatuna cif na faɗa ciki.

Gidanmu gidan malamai ne. Dangin mahaifina in ba liman ba to alƙali, in ba alƙali ba to ma'aikacin gwamnati mai tabon salla a goshi. Ba a kiɗa a gidan, ko tebur ka bubbuga da yatsa sai an ɗago an dube ka. Mahaifiyata kuwa, Inna, daga wani ƙauye take a bayan Kwalkwalawa, gidan manoma, kuma yayanta shi ne mai gangar noma na yankin. Shi nake kira Kawu.

Ina yaro, duk hutun damina can ake kai ni. Na ga gayya da idona: samari sun jeru a bakin gona, kowa da fartanyarsa, Kawu yana bayansu da ganga rataye a kafaɗa. Kowane saurayi yana da takensa. Da Kawu ya ga wani ya fara sanyi sai ya buga taken nasa, ka ga mutum ya yi kururuwa ya duƙa, ƙasa na tashi ta bayansa. Akwai wanda aka taɓa riƙewa da ƙarfi don ya wuce iyakar gonar ya shiga nome ta maƙwabci. Ni da aka hana ni ko fito a gida, sai in bi Kawu a baya ina jin kiɗan a cikin haƙarƙarina. Ina son mutumin nan ƙwarai, kuma ban taɓa ɓoyewa ba ko a gaban mahaifina.

Sai abin ya mutu a hankali. Gayya ta ja baya, maganin feshi ya shigo, samari suka koma noma da waya a aljihu da igiyar sauraren waƙa a kunne. Wajen shekara shida Kawu bai taɓa ganga ba. Tana rataye a zaurensa, ta yi ƙura. Duk zuwan da na yi, bayan gaisuwa, sai na ce, "Kawu, yaushe za mu ji ganga?" Shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum: "Malamin taswira, wa ka saurare?"

Na ɗauki tambayar nan da gaske. Tunda masu saurare ne babu, ni zan kawo su. Abin da nake so bai da yawa: Kawu ya tsaya a gaban taro sau ɗaya tak kafin tsufa ya gama da shi, ya buga, jama'a su ji, ni kuma in ɗauka a waya in ajiye wa 'ya'yana.

Muna da wata ƙungiya ta raya al'adun gargajiya, ni ne sakatarenta. Gaskiyar magana, abin da muka fi rayawa shi ne shan shayi da musu. A wani zama na miƙe na kawo shawarar a yi ranar kiɗan gargajiya a fili, a gefen Kwalkwalawa, a gayyato masu kalangu da masu kotso, da Fulani masu sarewa, da mata masu kiɗan ƙwarya, duk daga ƙauyukan nan, a rufe da gangar noma. Aka yi ta tafi. Na hau babur na kai wa Kawu labari. Ya ɗaga kai ya dubi gangar da ke rataye, can ya ce, "To, Allah shi kai mu." Na dawo na rubuta a littafin ƙungiya cewa babban makaɗi ya amince da farin ciki.

Sa rana ne ya ba mu wuya. A bazarar Sakkwato ba ka tara mutane a fili sai in kana da tsohuwar gaba da su. Muka ce a jira zafi ya sassauta. Aka kauce wa Salla, aka kauce wa jarrabawa, aka kauce wa tafiyar babban baƙo, wani darakta da ba ya zama wuri ɗaya. Da aka gama kauce-kauce sai muka tsinci kanmu a wata Asabar ta ƙarshen watan shida. Shugabanmu, wani dattijo mai ritaya da ba ya son hayaniya, ya cire tabarau ya ce, "Sakatare, wagga rana ba ta shiga bakin damana ba?"

Na yi murmushin da nake yi wa 'yan aji ɗaya. Na ce, "Ranka shi daɗe, a bar mini wanga. Aikina na."

A daren farko na sa manhajar hasashen yanayi har uku a wayata, don in ɗaya ta yi ƙarya biyu su kama ta. Ban san cewa na auro wa kaina fitina ba. Ta farko mai fara'a ce, kullum hoton rana take nuna mini. Ta biyu mai baƙin rai ce, ko ana ƙona mutane da zafi sai ta liƙa ɗan gajimare da ɗigo uku. Ta ukun ba ta da ra'ayin kanta: da safe ta bi wannan, da la'asar ta koma wancan. Ina dubawa kafin in wanke ido, ina dubawa a tsakanin darasi, ina dubawa a kan babur in danja ta tsayar da mu. In mai baƙin ran ta ɓata mini rai sai in rufe ta in buɗe mai fara'ar in huce. Matata ta ce tun da muka yi aure ban taɓa kallon fuskarta sau da yawa haka a yini ɗaya ba.

Shekarar kuwa damina ta yi wa mutane wayo. An yi ruwa ɗaya mai kyau da wuri, masu gaggawa suka shuka, sai sama ta ɗauke kamar an rufe famfo. Mako uku, har aka shiga na huɗu. Shukar da ta tsiro ta ƙone. A masallaci, a kasuwa, a wurin mai shayi, ba a zancen komai sai ruwa. Da yamma za ka ga dattawa sun fito ƙofar gida suna kallon gabas. Ni ma ina fitowa in kalli gabas tare da su, in girgiza kai, in ce Allah ya kawo sauƙi. Amma a cikin cikina, Allah ya yafe mini, in na ga sama tas sai in ji wani sanyi. Ina jin duk faɗin garin ni kaɗai ne nake kwana da fatan kada a yi ruwa, ni da masu buga bulo.

Ana saura kwana huɗu, mahaifina ya aiko. An tsayar da roƙon ruwa ranar Alhamis da hantsi a filin unguwa, shi zai ja salla, kuma yana son ganin duk wani namiji na gidan a sahun gaba. Na karanta saƙon sau biyu. Matata ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, ta koma kicin, ina jin dariyarta tana haɗuwa da ƙarar tukunya.

Na je. Ba a ƙin zuwa kiran mahaifina, kuma ni ma Musulmi ne, na san halin da ake ciki. Filin ya cika, kowa da tsofaffin tufafi kamar yadda aka saba, ba turare ba ado. Na ga tsofaffi da azumi a bakinsu, leɓe ya bushe. Aka yi raka'a biyu, Baba ya yi huɗuba gajeriya, ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, na dama ya koma hagu. Jama'a suka shiga juya riguna. Ni sai na tsaya ina gyaran wuyan tawa, ina lissafin ko juya riga rabi zai iya jinkirta abu da kwana uku. Wani baffana da ke gefena ya zungure ni da gwiwar hannu, na juya ta duka.

Sai addu'a. Baba yana da murya, in ya roƙi Allah sai ka ji gashin jikinka ya tashi. Ya roƙi ruwa mai albarka, na ce amin da zuciya ɗaya. Ya roƙi ruwa mai rayar da ƙasa da dabbobi, na ce amin. Sai ya ce ruwa na gaggawa ba na jinkiri ba, ya maimaita har sau uku, fili ya ɗauka da amin kamar zai tsage. Ni ma na ce amin, amma na bi ta da 'yar ƙaramar murya: ko yau, ko gobe, ko kuma daga Lahadi, ya Ubangiji, Asabar kawai nake roƙo.

Da aka watse na je na durƙusa na gaishe shi. Yana naɗe dardumarsa, bai ko kalle ni ba ya ce, "Kowa na ji amin tai gajeruwa, taka ɗai na ji da tsawo. Mi kaka ƙara mata?"

Na ce, "Baba, neman gafara na."

Ya ce, "To ka yawaita."

Da la'asar ɗin ranar na tafi wurin Kawu in kai masa katin gayyata mai ruwan zinariya, da sunansa a ƙasan na darakta. Na tarar an sauko da gangar. Babban ɗansa ya kakkaɓe ta, ya ja mata tsirkiya, ya jingine ta a rana don fatar ta yi ƙarfi. Ganinta a ƙasa kawai ya sa na ji ƙwalla. Na durƙusa na gaida Kawu, na ajiye katin a gefen tabarmarsa, sannan na fito da waya na nuna masa hotunan rana da gajimare. Na ce ni dai na gaji da waɗannan, shi me ya gani?

Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya dubi tururuwan da ke jerin gwano a gindin bango ɗauke da ƙwai, ya shaƙi iska.

"Asabar garau ta," ya ce. "Ko ɗigo ba a yi. Jumma'a dai nika kallo."

Na kusa rungume shi. Na ce ai in haka ne an gama, ruwan Juma'a ma taimako ne, ƙasa ta kwanta, gari ya yi sanyi, mutane su zauna su ji kiɗa cikin daɗi.

Ya juyo ya dube ni sosai. "In anka yi ruwa Jumma'a, wasanka na nan Asabar?"

"Ƙwarai kuwa, Kawu. Sai ma abin da yac ci gaba."

Sai ya fashe da dariya, irin wadda ta daɗe ba ta fito ba, har ta koma tari, ɗansa ya miƙo masa ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Malamin taswira ke nan. Allah shi yi ma albarka." Na hau babur ina jin daɗin na sa tsoho farin ciki.

Ranar Juma'a da safe, a karon farko tun da na san su, manhajojin nan uku suka yi baki ɗaya: yau ruwa, gobe rana. Na kira masu rumfa na ce kada su kafa ko turke sai gobe da sassafe. Bayan la'asar gabas ta haɗe, ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso ta kwashi ledoji da kwanon rufin wani maƙwabcinmu, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Unguwa ta kaure da kabbara, mata na guɗa, kowa na tara bokiti. Ni ma na yi kabbarar, wannan karon ba tare da wani ƙari ba. Gwangwanina ya cika ya tumbatsa, ban ma samu abin aunawa ba. Kafin magariba ta gama ruwan ya ɗauke, taurari suka fara leƙowa.

Na rubuta wa 'yan ƙungiya dogon saƙo. Na tuna musu wanda ya ce a bar masa, na yi bayanin yadda iska mai laima ta sauke kayanta ta wuce, na rufe da cewa gobe ko laima kada wanda ya ɗauko. Sannan na kira Inna in yi mata barka da ruwa.

Ta ce, "Barka kadai. Allah sarki, sai ka ɗaga ranag ga taka."

Na ce, "A'a Inna, ba ki gane ba. Yau anka yi ruwa. Gobe ba a yi."

Ta ce, "Shi na nika hwaɗi."

Na sake yi mata bayani a hankali, da kalmomi masu sauƙi, yadda nake yi wa ɗalibin da ya zo daga baya. Ta saurara har na gama, ta ce, "To, kai ka sani, kai ad da karatu," ta kashe. Na gaya wa matata cewa Inna ta fara manyanta.

Asabar ta waye yadda na roƙa. Sama an wanke ta tas, iska mai sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ko'ina. Na sa farar shaddata mai sitaci, wadda in na ɗaga hannu sai ta yi ƙara, da hula sabuwa da takalmi sau ciki. A hanyar Kwalkwalawa na yi ta wuce mutane, maza da dogayen sungumai a kafaɗa, mata da ƙore a ka, har da jakuna da amalanke. Zuciyata ta yi fari. Na ce wa kaina dubi yadda labari ya bazu, har da kayan gargajiyarsu suka taho don ƙawata taro. Ina ɗaga musu hannu ina cewa, "Sai kun iso!" Suna ɗaga mini su ma cikin mamaki. Ban lura cewa duk inda hanya ta rabu, gefen daji suke bi ba.

An kafa rumfuna huɗu, an jera kujerun roba sahu-sahu, an ɗaura lasifika a kan turaku, janareta na ruri. Ƙarfe goma muka sa. Goma ta yi, akwai mu 'yan ƙungiya, da mai gyaran sauti, da wata mata mai zoɓo da ta zo da kula biyu cike da ƙanƙara. Sha ɗaya saura darakta ya iso, wanda a wurinsa sammako ne. Aka zaunar da shi a kujera mai laushi, yana fuskantar kujerun roba fiye da ɗari biyu. Ɗaliban jami'a shida suka zo, suka zauna can baya suna ɗaukar kansu hoto. Wata akuya ta shigo rumfa ta biyu ta kwanta a inuwa, ban kore ta ba, don daga nesa tana rage fili.

Cikin makaɗan da muka gayyata mutum ɗaya ne ya zo, wani mai goge da muka ƙara daga cikin gari, wanda bai da ko taƙin gona. Waƙoƙinsa uku ne. Ya yi su, ya wasa darakta. Ya sake yin su daga ƙarshe zuwa farko, ya wasa shugaba. A zagaye na uku ya rasa wanda zai wasa, ya koma kan mai zoɓo. Mai gabatarwa kuma duk bayan minti biyar sai ya ce jama'a na nan tafe, a ƙara haƙuri, lasifika na kai maganar har cikin gonaki.

Na kira mai kalangu, waya a kashe. Na kira shugabar masu ƙwarya, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na kira ɗan Kawu sau bakwai. Gumi ya fara cin sitacin rigata. Shugaba ya yafuto ni da yatsa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Sakatare, ga rana kam, ka cika alkawari. Ina mutane?"

Direban darakta ne ya cece ni, ko in ce ya ƙarasa ni. Yana tsaye a jikin mota yana shan zoɓo, ya ce, "Ranka shi daɗe, ai jiya anka yi ruwan shuka. Wata guda mutane na jiran shi. Yau ko biki na uwa ɗaya uba ɗaya ba ka ganin kowa, sai ƙasa ta sha iri. Ni kaina don dai aiki na, da ina gona."

Shugaba ya dube ni. Darakta ya dube ni. Na tuna sungumai da ƙoren da na yi ta ɗaga wa hannu, na tuna Inna. Mako uku ina tambayar waya ko za a yi ruwa ranar Asabar, ban taɓa tambayar kowa abin da manomi yake yi washegarin ruwa ba, ni da nake da babi guda a kan noman gero a littafin aji biyu. Kuma duk makaɗan nan, da duk waɗanda za su saurare su, manoma ne.

Kunya ta kama ni, kuma ni in kunya ta yi mini yawa fushi take komawa. Fushin kuwa bai sauka a kan kowa ba sai Kawu. Sauran ba su yi mini alkawari ido da ido ba. Shi ya san don shi aka yi duk wannan. Ya san ruwan na zuwa, ya san abin da zai biyo baya, ya zauna yana yi mini dariya har da tari. Tsoho kamarsa me zai yi a gona da 'ya'yansa ba za su yi ba? Na ce wa shugaba a riƙe darakta da mai goge, yanzu zan dawo da babban makaɗi ko a goye ne.

Babur ya kai ni bakin gonakin ya ƙi gaba, na jingine shi na shiga da ƙafa. Taku goma takalmina ya yi nauyin bulo. Gindin shaddar ya koma ja. Ko'ina ka duba mutane ne a duƙe, har inda ido ya ƙare. Ga mai kalanguna can yana sara da sungumi, ya hango ni ya juya baya. Ga taron da na yi wa hayar kujeru, duk ga su nan, ba wanda ya rage a gida.

Na samu Kawu a gonarsa ta gindin gawo. Babban ɗansa na gaba yana sara, shi yana biye yana jefa iri a rami yana rufewa da diddige. Tun daga nesa na fara. Na ce Kawu wannan adalci ne? Na ce na tara manyan mutane, na buga kati, na sa sunanka, ka bar ni ina kallon akuya. Na ce shekara shida kana cewa wa zai saurara, yau na kawo lasifika huɗu. Na faɗi maganganu da yawa waɗanda ba a gaya wa kawu, ɗansa ya tsaya da sara ya sunkuyar da kai.

Kawu ya ci gaba da jefa iri har na iso gabansa. Sannan ya ce, "Riƙa mini wanga, igiyar ta kwance."

Ƙoƙon irin ne. Ba a hannu yake riƙe da shi ba, an huda bakinsa an sa igiya an rataya masa a wuya. Na kama ƙoƙon ina huci, ina jiran ya ɗaure. Ya kai hannun hagu ya kamo bakin igiyar. Sai ya ɗago na dama daga cikin riga don ya taimaka, na ga hannun. Yatsun sun lanƙwashe sun manne da tafin, hannun duka yana rawa ba tsayawa. Ya yi ƙoƙarin kama igiyar da shi sau biyu tana zamewa. Da hagu yake shukar tun safe.

A wurinmu ba a ba kawu hannu, durƙusawa ake yi. Abinci kuma shi kaɗai yake ci a ɗakinsa. Kullum na zo yana zaune da hannuwa a cikin babbar riga, ni kuma ina ta zuba. Na ɗaure masa igiyar da kaina.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Shekara shida da wani abu. Sandar kiɗa ba ta zama. In na ɗaure ta da tsumma, bugu uku ta hita."

"To da ba a yi ruwan ba fa?"

"Da na taho," ya ce. "Na ce ma Allah shi kai mu. Da na tsaya gaban mutane da ganga, su ga abin da kag gani yanzu. Ranar Alhamis da anka yi roƙon ruwa nan garinmu, ba ni jin akwai wanda yak kai ni kuka. Kowa na roƙo don hatsi, ni ina roƙo don hatsi da wanga."

Daga can nesa iska na kawo muryar mai gabatarwa, yana cewa babban makaɗi na kan hanya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da shi ba kuma. Na ce, "Kawu, don Allah mi yas sa ba ka hwaɗa mini ba? Shekara shida ina zuwa ina damunka."

Ya ɗebi iri da hagu, ya jefa a ramin da ke gabansa, ya rufe da diddige.

"Duk duniya kai ɗai ar rage mai tambaya ta ganga," ya ce. "In na hwaɗa ma, kai ma ka bari."

Ɗansa ya ci gaba da sara. Na tuɓe takalmin na ajiye a gindin gawon, na naɗe shaddar zuwa gwiwa, na cire ƙoƙon daga wuyansa na riƙe masa. Yana ɗiba yana jefawa, ni ina rufewa, har aka kira azahar.